Tsohuwar Marsandi CL500 a Unguwar Rimi: nazarin shekara 2 na saye, riƙo da gyara

A safiyar wata Asabar, mako 11 bayan da yayana ya biya kuɗin motar da ya yi kusan shekara 20 yana begenta, muka dawo daga sallar asuba muka tarar da ita ta durƙusa a tsakar gida kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Gabanta ya sauka har leɓen madigadi yana neman taɓa taya, bayanta kuwa yana tsaye yadda aka bar shi da daddare, sannan a ƙarƙashinta ga wani mai ya kwanta a kan siminti, launinsa ya fi kama da ruwan kwata. Yaya ya tsaya yana kallonta bai ce uffan ba, daga baya ya ce mini in ɗauko littafi in fara rubuta duk abin da za a kashe mata daga ranar. Ni akawu ne, riƙon littafi shi ne sana'ata, don haka na riƙe wannan littafin da gaske, kuma daga cikinsa na ciro abin da ke cikin wannan nazari. Na rubuta shi ne saboda na ga matasa da dattawa da yawa a Kaduna suna zagaya irin waɗannan motoci a wuraren dillalai, arahar farashinsu tana jan su, ba tare da sanin inda ainihin kuɗin yake ba.

Motar ita ce Mercedes-Benz CL500 ƙirar 2002, mai ƙofa biyu, daga jerin da kamfanin yake kira C215, wanda aka ƙera a Jamus daga 1999 zuwa 2006 a kan tushen babbar Marsandi S-Class ta wancan zamani. Injinta V8 ne mai lita 5, wanda ake kira M113, mai ƙarfin doki 306 a ma'aunin Jamusawa, kowace silinda tana da fulogi biyu, wato fulogi 16 ke nan. Babu ginshiƙi tsakanin gilashin gaba da na baya, saboda haka idan aka sauke gilasan duka gefen motar yakan buɗe tun daga madubi har kafaɗar baya. Lokacin da ta fito, tana cikin manyan motocin da kamfanin yake sayarwa, kuma a kanta aka fara gwada wasu sababbin dabaru, mafi muhimmanci a cikinsu shi ne tsarin da ke riƙe gangar jikin mota da matsin mai, wanda suka sa wa suna Active Body Control, a taƙaice ABC. Wannan tsarin shi ne zuciyar labarinmu.

Yadda aka saye ta

Yaya ya fara ganin irin wannan mota ne a titin Ahmadu Bello a farkon shekarun 2000, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci da tsohuwar Fijo 504, kuma tun daga ranar bai daina ambatonta ba. Da ya yi ritaya aka biya shi haƙƙinsa, sai wani dillali ya kira shi a farkon 2023 ya ce an samu wata a hannun wani ɗan kasuwa da zai bar gari. Motar ba tokumbo ba ce, ta daɗe a ƙasar nan, kuma Yaya shi ne zai zama mai ita na huɗu. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙa'idar kwastan ba ta yarda a shigo da motar hawa mai irin waɗannan shekaru ba, ga shi kuma tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya rage kwararar 'yan Kwatano. Duk wanda yake son CL500 ta wannan jeri a yau, to zai saye ta ne daga hannun wanda ya riga ya sha romonta, kuma sau da yawa ya gaji da ita.

Farashin da aka sa mata bai kai na Toyota Corolla mai shekaru irin nata ba. Na tuna na faɗa wa Yaya cewa wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tambaya, domin kasuwa ba ta yin kyauta, amma ban matsa ba, saboda ni ma motar ta shiga raina.

Mun tafi da bakaniken gidanmu, dattijo mai amana wanda ya koyi aiki tun zamanin da kamfanin haɗa Fijo na Kakuri, wanda aka buɗe a 1975, yake cika titunan Kaduna da 504 da 505. Ya yi duk abin da iliminsa ya ba shi: ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya buɗe murfin baƙin mai ya shinshina, ya leƙa lagireto, ya shiga ƙarƙashi ya tabbatar ba ta taɓa yin babban haɗari ba, ya tuƙa ta ya ji giya tana shiga lafiya. Hukuncinsa shi ne injin garau yake, kuma lokaci ya gaskata shi, domin har yau ba a buɗe injin nan ba. Muka tabbatar da takardun kwastan da lambar shasi, aka biya, dillali ya karɓi la'adarsa.

Abubuwa uku ne ba a yi ba, kuma su ne suka ci mu. Ba a sa mata kwamfutar da ke karanta ƙwaƙwalwar Marsandi ba. Ba a zaro ma'aunin man ABC an ɗiga a farin ƙyalle an ga launinsa ba, abin da ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Sannan ba mu nemi a bar ta ta kwana a inda za mu zo mu gan ta da sassafe kafin a tayar da ita ba, domin da muka isa mun same ta a kunne, esi yana aiki, an riga an ɗumama ta, ta miƙe tsaf a kan ƙafafunta. Motar da tsarinta na ABC ya fara gajiya takan sauka ne idan ta daɗe a kashe, da zarar an tayar da ita famfo ya cika layuka sai ta tashi, mai saye kuwa ba zai ga komai ba.

Makonnin farko sun yi daɗi, kuma ba zan ɓoye wannan ba don kada nazarin ya zama na ƙorafi kawai. Mun je Zariya da ita da yamma, gilasai a sauke, ta bi hanyar nan mai kusan kilomita 80 ba tare da mun ji ƙarar inji ba sai iska, kuma a kwana ba ta karkata ko kaɗan, kamar an ɗaure ta da kwalta. Wanda bai taɓa shiga mota mai ABC ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya sa mutum mai hankali yake jure wahalarta.

Man da aka zuba

A motar da muka saba da ita, sifirin da shokazoba su ne suke ɗaukar nauyi, ga kuma sandar ƙarfe da ke hana mota karkata a kwana. A CL500 babu wannan sandar sam. Kowace ƙafa tana da sifirin na ƙarfe, amma a samansa akwai silindar mai da ke tura shi ƙasa ko ta sassauta masa, gwargwadon umarnin kwamfuta, wadda take karɓar labari daga na'urori masu auna motsin mota da tsayinta, tana gyara kowace kusurwa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Man da ke wannan aiki famfo ne da fanbel ke juyawa yake matsa shi har kusan bar 200, alhali iskar da ke cikin tayar mota ba ta wuce bar 2 da rabi ba. Famfon nan tagwaye ne, rabi na ABC, rabi na sitiyari. Daga famfo man yakan bi tiyo da bututu zuwa akwatunan bawul guda biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya, waɗanda suke buɗewa da rufewa don kai mai ga kowace ƙafa, kuma su ne suke kulle man a cikin ƙafafu idan an kashe mota. Akwai kuma wasu ƙwallayen ƙarfe guda 4 masu iskar naitorojin a ciki, da fatar roba tsakanin iskar da man, aikinsu shi ne adana matsi da shanye bugun famfo. Man da aka tsara wa wannan tsari kore ne, siriri, sunansa Pentosin CHF 11S, kuma matatarsa tana tace datti ƙanana ƙwarai, domin ƙwayar ƙura ɗaya a bakin bawul ta isa ta hana shi rufewa.

A mako na 9 wata tiyo da ke kusa da inji ta fara tsatsafo. Yaya yana kan hanyar Nnamdi Azikiwe ta bayan gari sai jan gargaɗi ya fito a allon gabansa, motar kuma ta fara tsalle a kan ƙananan ramuka. Ya tsaya a wani gareji na bakin hanya, mai garejin ba ya nan, sai yaronsa ya buɗe bonet, ya ga tulun mai kusa da na sitiyari ya yi ƙasa, ya ce: "Baba Alhaji, man fawa ne ya sauka, bari in ƙara." Ya kawo jan man giya, irin wanda ake zubawa a sitiyarin motocin Japan da yawa ba tare da wata matsala ba, ya cika tulun. Jan gargaɗin ya ɗauke, Yaya ya sallame shi da godiya, ya ci gaba da hawa har mako biyu, ana ƙara man duk bayan kwana uku.

Na daɗe ina tunani a kan wannan yaro, kuma ban ga dalilin ɗora masa laifi gaba ɗaya ba. Ya yi abin da aka koya masa ne, kuma a motoci 9 cikin 10 da suke tsayawa a garejinsu abin da ya yi daidai ne. Mai mota shi ne ya kamata ya san abin da ake zubawa a motarsa, musamman motar da ba irinta ce ta cika gari ba. Ƙari a kan haka, da aka zo aka juye man daga baya, an ga cewa tun kafin jan man ya shiga, koren da ke ciki ya riga ya zama baƙi ƙirin, alamar an yi shekaru ba a canza shi ba. Jan man ya zo ne ya ƙarasa abin da sakacin masu ita na baya ya faro: kaurinsa ba irin wanda famfo da bawul suke so ba ne, ya gauraya da tsohon datti, famfo ya fara kuka, robobin bawul na gaba suka daina riƙewa, har aka kai ga safiyar da na faɗa a farko.

Zaɓi uku

Bakaniken gidanmu ya nuna dattakunsa a nan, domin da ya zo ya gani sai ya ce: "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, kada in ɓata maka dukiya." Shi ne ya yi mana hanyar wani bakanike da ya yi shekaru yana aikin Marsandi a Legas kafin ya dawo Kaduna, wanda yake da kwamfutar STAR da ake binciken motocin kamfanin da ita. Ya hana a ja motar da igiya ko a ɗaga gabanta da janwe, ya ce sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya, kuma ya gargaɗe mu cewa tuƙa ta ba mai yakan ƙone famfo cikin 'yan mintoci, ga haɗarin gobara idan man ya fesa a kan salansa mai zafi.

Abu na farko da ya yi shi ne ya yagi farin ƙyalle, ya ɗiga man motar a gefe ɗaya, ya buɗe sabon gwangwanin Pentosin ya ɗiga a ɗaya gefen, ya miƙa wa Yaya. Ɗigo ɗaya kore ne garai-garai ana ganin zaren ƙyallen ta cikinsa, ɗayan kuwa baƙi ne mai ɗan ja, da ya karkata shi ga rana sai muka ga wasu ƙananan abubuwa suna ƙyalli, ya ce wannan garin ƙarfen famfo ne. Bayan kwamfuta ta gama nata karatun, ya zaunar da mu a benci ya ce tiyo biyu sun mutu, famfo ba ya kai matsin da ake so, ƙwallaye biyu fatarsu ta fashe, akwatin bawul na gaba yana sakin mai, amma ƙafafun huɗu ba su fara yoyo ba tukuna, kuma wannan shi ne sa'ar da muka yi.

Ya ba mu hanya uku. Ta farko ita ce a sayo komai na hannu daga kasuwar Ladipo a Legas, inda ake samun kayan motocin da aka farfasa daga Turai da Amurka, wannan ita ce mafi sauƙin kuɗi da saurin samu. Ta biyu ita ce a yi odar sababbi daga waje, a jira makonni, a biya da dala. Ta uku ita ce a cire tsarin ABC gaba ɗaya a sa sifirin da shokazoba irin na kowa, kamar yadda masu irin wannan mota da yawa suke yi idan sun gaji.

Ni na goyi bayan ta uku, kuma dalilina na akawu ne: a kashe kuɗi sau ɗaya a huta. Bakaniken bai ƙi ba, amma ya yi bayanin cewa tunda motar ba ta zo da sandar hana karkata ba, duk wanda ya cire ABC bai sa wannan sanda ba zai mayar da mota mai nauyin kusan tan biyu abin tsoro a kwana, kuma dole a san yadda za a yi da famfon tagwaye da gargaɗin da zai riƙa fitowa a allo. Ya ce ya ga waɗanda aka yi musu wannan aiki da kyau, ya kuma ga waɗanda aka liƙa musu ƙafafun wata mota aka yi walda. Yaya ya saurare mu duka, sannan ya ce mini: "Ƙanena, idan na cire wannan abu, me na saya ke nan?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma a yau ina ganin yana da gaskiya ta fuskarsa, ko da yake har yanzu ina ganin ga wanda motar ita kaɗai gare shi, shawarata ce ta fi.

Abin da aka yi a ƙarshe gauraye ne, kuma a nan ne na ga amfanin bakanike mai tunani. Ƙwallayen ya dage sai sababbi, duka huɗun, saboda roba ce take mutuwa a cikinsu, kuma na hannu shekarunsu ɗaya da waɗanda za a cire. Akwatin bawul bai sauya shi ba, ya warware shi a kan tebur mai tsabta a cikin ɗaki, ƙofa a rufe saboda ƙura, ya canza masa zobban roba da aka yi oda. Tiyo biyun ya kai su wurin masu haɗa tiyon katafila da tarakta, aka riƙe bakunan ƙarfensu na asali aka matse musu sabuwar tiyo mai jure matsi fiye da wanda ake buƙata. Famfo kuwa na hannu aka sayo daga Legas, bisa sharaɗin a mayar idan bai kai matsi ba, kuma na farkon da aka aiko bai kai ba, sai da aka mayar aka jira wani mako biyu. Daga nan aka wanke layukan da sabon mai fiye da lita 10, aka canza matata sau biyu.

Ranar gwaji ba zan manta da ita ba. A cikin kwamfutar akwai wani umarni da ke sa motar ta riƙa ɗaga kusurwa ɗaya tana sauke ɗaya, bi da bi, na tsawon mintoci, domin man ya zaga ko'ina, iska ta fita, a kuma ga ko famfo zai riƙe matsi. Motar tana tsaye ba kowa a ciki ta fara rangaji kamar dokin da ake sukuwa da shi a hawan salla, yaran unguwa suka taru a bakin gareji, bakaniken kuwa idonsa yana kan lambar matsi a allon kwamfuta, bai ɗaga kai ba sai da aka gama. Ya ce a bar ta ta kwana uku a kashe, ya auna tsayin kowace kusurwa da tef ya rubuta da alli a bango. A rana ta huɗu awon bai canza ba. Tun daga ɗaukarta zuwa dawowarta gida, mako 9 aka yi.

Sauran lalurorin ba su kai wannan ba. A zafin watan Afrilu ta mutu a cunkoson Kawo, ta ƙi tashi sai da ta huce kusan rabin sa'a, aka gano wata ƙaramar na'ura ce da ke karanta juyawar inji, wadda aka san ta da gajiya idan ta tsufa ta sha zafi, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. An canza fulogi 16 da robar murfin inji da ke tsatsafo. A akwatin giya mai hawa 5 an samu mai yana bi ta mahaɗar waya, aka sauya mahaɗar tun kafin man ya hau zuwa ƙwaƙwalwar giya, aka kuma canza man giyar, wanda babu alamar an taɓa canza shi. A watan Agusta ganyen darbejiya ya toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan sama ya sauka a kan kafet na gefen fasinja, muka yi sa'a an lura da wuri aka busar, domin a ƙasan kafet ɗin nan wayoyi ne shimfiɗe. Tun daga lokacin ba a ajiye ta a ƙarƙashin bishiya.

Abin da littafi ya nuna

Ba zan kawo adadin naira na kowane gyara ba, saboda darajar kuɗin ta sauya sosai a cikin wannan lokaci har lambobin za su ɓatar da mai karatu. Abin da ya fi amfani shi ne kwatanci: a cikin wata 18 na farko, abin da aka kashe wajen gyara ya ɗara kuɗin sayen motar, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi ABC ne ya ci. Kuɗin aikin hannu kaɗan ne a ciki, kaya ne suke da tsada, domin ko na Ladipo ne farashinsu yana bin dala.

Lokacin sayen ma bai taimaka ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 a hukumance zuwa kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ya haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Tankin CL500 lita 88 yake ci, wato cika shi ya tashi daga abin da bai kai naira 18,000 ba zuwa fiye da 88,000, kuma bisa abin da na rubuta, a cikin gari da esi a kunne lita ɗaya ba ta wuce kilomita 5 zuwa 6, a doguwar hanya takan kai 9 ko 10. Baƙin manta kusan lita 8 ne a kowane juyi, kuma sai mai kyau wanda ya dace da ƙa'idar kamfanin.

Akwai kuma tsadar da ba ta shiga littafi. Mota mai ƙofa biyu ba ta dace da yawan hidimar gidan Bahaushe ba: Hajiyarmu ta shiga baya sau ɗaya, da ƙyar aka fito da ita saboda ciwon gwiwa, ta ce ba za ta ƙara ba, kuma ranar biki ko suna ba a ma tunanin fita da ita. Ƙofofinta dogaye ne masu nauyi, a wurin ajiye motoci na Kasuwar Barci buɗe su aiki ne. Sannan mutane ba su san an saye ta ƙasa da kuɗin Corolla ba, abin da suke gani shi ne tauraron da ke gabanta, don haka masu neman taimako suka ƙaru a ƙofar gida, farashin kaya kuma yakan tashi idan Yaya ya tsaya da ita a bakin kasuwa. Uwargidansa ta yi haƙuri ƙwarai a watannin da motar take kwance kuɗi na fita, kuma abin da ya hana maganar zama rigima shi ne tun farko Yaya ya ware kuɗin motar daga na cefane da na makarantar yara, bai taɓa haɗa su ba.

Idan aka tambaye ni ko sayen kuskure ne, amsata ita ce kuskuren yana ga yadda aka saya. Da an ɗiga man nan a farin ƙyalle a gaban dillali, da an rage farashin da abin da zai biya rabin gyaran, ko kuma mu bar ta mu nemi wata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mu kuwa ba mu san rariya muka saya ba sai da ruwan ya zuba. Injin M113 da giyarsa sun tabbatar da sunan da suka yi na juriya, kuma ban ga wani abu a motar da ya lalace ba tare da dalilin shekaru ko sakaci ba. Abin da ba ta yafewa shi ne hannun da bai san ta ba, kuma a Kaduna hannuwan da suka san ta ba su da yawa, don haka kafin mutum ya nemi motar ya kamata ya fara neman bakanikenta, ya kuma tanadi kuɗi kwatankwacin na sayen ya ajiye gefe.

Yanzu tsarin da ake bi a gidan mai sauƙi ne. Akwai ƙaramar Toyota ta zirga-zirgar yau da kullum, Marsandin kuwa ana fita da ita ranar Juma'a da kuma tafiyar Zariya ko Abuja, kuma ba a barinta ta wuce mako ba a tayar da ita ba saboda batir. A cikin but kullum akwai gwangwani biyu na koren mai, a kan murfin tulun ABC kuma Yaya ya liƙa takarda da ya rubuta da hannunsa cewa kada a zuba komai sai an kira shi. Duk tudun rage gudu sai ya danna maɓallin ɗaga mota kafin ya hau, a ranar farko ta kowane wata kuma ni nake zaro ma'aunin mai in ɗiga a ƙyalle in rubuta launinsa. A dubawar watan jiya man yana nan kore, amma bakaniken ya nuna mana danshi a wuyan ƙafar baya ta dama, ya ce za ta iya kai damina, ba zai yi alkawarin ta wuce ta ba. An riga an tura kuɗin sabuwa, ana sa ran isowarta cikin mako 5.